Sakin Talala ga Masu Manyan Laifuka: Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Haƙƙin Waɗanda Aka Zalunta

A farkon watan Janairun 2018, wasu mata a Ingila suka ji a rediyo da talabijin cewa za a saki mutumin da ya ci zarafinsu. Da yawansu ba a aiko musu da wasiƙa ba, ba a buga musu waya ba. A labarai suka tsinci maganar, daidai lokacin da kowa ya ji.

Sunan mutumin John Worboys, direban tasi ne, irin baƙaƙen motocin hayar nan da aka san birnin Landan da su. Da dare yake farautarsa. Idan ya ɗauki mace ita kaɗai, sai ya ce mata yau ya ci caca, ya nuna mata jaka cike da kuɗi, ya miƙa mata abin sha wai ta taya shi murna. A cikin abin shan ya riga ya zuba maganin gusar da hankali. A 2009 kotu ta same shi da laifuka 19 a kan mata 12, alhali 'yan sanda sun yi imanin cewa matan da ya cuta sun haura ɗari. Alƙali ya yanke masa ɗaurin da ba shi da ranar ƙarewa, ya ce sai ya yi aƙalla shekara takwas kafin a duba yiwuwar sakinsa. Bai cika shekara goma a tsare ba hukumar da ke da alhakin wannan aiki ta ce ana iya buɗe masa ƙofa.

Daga wannan shari'a ce Ingila da Wales suka shiga gyaran tsarinsu na sakin talala, gyaran da har yanzu bai ƙare ba. Kafin a fahimci abin da aka gyara, sai an san yadda tsarin yake aiki, domin mutane da dama suna ɗaukar sakin talala a matsayin afuwa, kuma ba afuwa ba ne.

Wanda aka yi wa afuwa an yafe masa hukuncin ko an rage masa. Wanda aka yi wa sakin talala kuwa hukuncinsa na nan a wuyansa, wurin da zai ƙarasa shi ne kawai ya canza. Yana fita da takardar sharuɗɗa: inda zai kwana, lokacin da dole ya shiga gida, unguwannin da ƙafarsa ba za ta taka ba, mutanen da ba zai yi wa magana ba, da jami'in sa ido da zai riƙa zuwa wurinsa. Wani ma ana ɗaura masa na'ura a idon sawu mai nuna inda yake. Ya karya sharaɗi ɗaya, ana iya mayar da shi gidan yari ba tare da sabuwar shari'a ba. Idan ɗaurin rai da rai aka yi masa, wannan takarda tana bin sa har ranar da zai mutu.

A Ingila duk wanda aka samu da laifin kisan kai da gangan ɗaurin rai da rai ake yi masa, amma alƙali yakan faɗi mafi ƙarancin shekarun da dole ya yi a tsare. Waɗannan shekarun su ne horon laifinsa. 'Yan kaɗan ne, masu laifi mafi muni, ake cewa ba za su fita ba har abada. Sauran, idan shekarun da alƙali ya ɗiba suka cika, sai maganarsu ta koma hannun Hukumar Sakin Talala, wadda aka kafa a 1968. Hukuma ce mai zaman kanta, a cikinta akwai alƙalai, likitocin ƙwaƙwalwa, masana halayyar ɗan Adam da wasu mutane masu gogewa. Tambaya ɗaya tak doka ta ba ta ta amsa: shin kare jama'a yana buƙatar a ci gaba da tsare wannan mutumin? Ba a ba ta ikon sake auna ko horon ya isa ba. Wannan kotu ta riga ta gama da shi.

A nan ne zuciyar iyalan mamaci take karo da doka. Uwar da aka kashe wa 'ya tana kallon abin da ya faru, ita kuma hukuma tana kallon abin da zai iya faruwa. Uwar ta ce shekara ashirin ba ta kai ran 'yarta ba, kuma gaskiya ta faɗa. Hukuma ta ce ba wannan aka tambaye ta ba, ita ma gaskiyarta ke nan. Babu gyaran dokar da zai share wannan giɓin gaba ɗaya, amma akwai ciwon da tsarin yake ƙarawa a kan ciwo ba gaira ba dalili, kuma shi ne shari'ar Worboys ta tona.

A lokacin akwai wata ƙa'ida, ta 25 a dokokin hukumar, da ta hana ta bayyana dalilan hukuncinta ga kowa. Ke nan mace za ta ji an saki wanda ya cuce ta, ta tambayi dalili, a ce mata doka ta hana a faɗa. Ministan shari'a na lokacin, David Gauke, ya duba ya ce ba zai kai ƙara ba. Sai mata biyu daga cikin waɗanda Worboys ya zalunta suka tashi da kansu, jama'a suka tara musu kuɗin lauya ta intanet, magajin garin Landan Sadiq Khan shi ma ya shigar da tasa ƙarar. A watan Maris na 2018 Babbar Kotu ta soke hukuncin sakin. Ta ce kamata ya yi hukumar ta bincika sauran zarge-zargen da ke kansa maimakon ta tsaya ga waɗanda aka same shi da laifinsu kaɗai, domin da haka ne za ta gane ko gaskiya yake faɗa mata game da kansa. Ta kuma ce ƙa'idar ɓoye dalilai ta saɓa wa doka. Shugaban hukumar, Nick Hardwick, ya sauka daga muƙaminsa. Da aka sake zama, aka ce Worboys ya ci gaba da zama a tsare. Wannan rigima ta sa wasu matan suka samu ƙarfin gwiwar fitowa, kuma a Disambar 2019 aka yanke masa ɗaurin rai da rai kan laifukan da ya yi wa wasu mata huɗu.

Abin lura a nan shi ne, matan nan biyu ba su yi nasara don sun fi kowa kuka ba. Sun yi nasara don sun nuna wa kotu cewa hukumar ta yanke hukunci da rabin bayani. Sauraron wanda aka zalunta ba tausayi kaɗai ba ne, sau da yawa shi ne ya san abin da babu a cikin fayil.

Daga nan canje-canje suka biyo baya. Tun daga 2018 wanda aka zalunta, da ma ɗan jarida, yana iya neman taƙaitaccen bayanin dalilan da suka sa aka saki fursuna ko aka ƙi sakinsa. A 2019 aka buɗe wata ƙofa: cikin kwana 21 bayan hukunci, ministan shari'a ko fursunan kansa na iya neman a sake dubawa idan akwai kuskure babba, kuma wanda aka zalunta yana iya roƙon ministan ya nema a madadinsa, ba sai ya nemi kuɗin lauya ba. A 2022 aka yarda a riƙa yin wasu zaman a bainar jama'a. Na farko an yi shi ne a Disambar shekarar, kan Russell Causley, wanda ya kashe matarsa Carole Packman a 1985, kuma ba a taɓa ganin gawarta ba.

Batun gawar da ba a gani ba shi ne ya fi komai taɓa zuciya a wannan tarihi, kuma yana da suna: Helen McCourt.

Helen tana da shekara 22, ma'aikaciyar kamfanin inshora ce. Ranar 9 ga Fabrairun 1988 ta taso daga aiki, ta sauka daga bas a garinsu Billinge da ke arewa maso yammacin Ingila, saura 'yar tafiya kaɗan ta isa gida. Ba ta iso ba. A kan hanyar akwai wata mashaya, mai kula da ita wani Ian Simms. 'Yan sanda suka samu ɗan kunnenta a but ɗin motarsa, da jini a ɗakinsa, gwajin ƙwayoyin halitta kuma ya nuna jinin nata ne. A 1989 aka same shi da laifin kisanta ba tare da an ga gawar ba. Har ya mutu bai amsa laifin ba, bai kuma faɗi inda ya kai ta ba.

Mahaifiyarta, Marie McCourt, ta shafe shekaru sama da talatin tana nema. Ita da dangi da masu taimako sun bi gonaki, sun leƙa tsofaffin ramukan haƙar ma'adinai, sun duba tafkuna da magudanan ruwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kabarin wani nasa, ya zuba ƙasa da hannunsa, ya dawo gida aka karɓi gaisuwa, ya san abin da aka hana matar nan. Rashin ɗa wani abu ne, rashin sanin inda ƙasusuwansa suke wani abu ne daban, kuma wanda ya sani ya yi shiru yana ci gaba da cutar da iyalan kullum safiya, ko yana cikin kurkuku. Marie ta fara fafutukar a kafa doka, dubban ɗaruruwan mutane suka sa hannu a takardar kokenta. Amma a Fabrairun 2020, tun kafin majalisa ta gama aikinta, aka saki Simms. Ya mutu a 2022.

Dokar da aka fi sani da Dokar Helen ta samu amincewa a Nuwambar 2020, ta fara aiki a Janairun 2021. Yana da kyau a san iyakarta, domin mutane da yawa suna zaton ta ce duk wanda ya ɓoye gawa ba zai fita ba. Ba haka ta ce ba. Ta wajabta wa hukumar ta yi la'akari da ƙin bayyanawar, da kuma dalilin da ya sa fursunan ya ƙi, a lokacin da take auna haɗarinsa. Haka kuma ta shafi masu ɗaukar hotunan batsa na yara da suka ƙi faɗin ko su wane ne yaran. A Ostareliya wasu jihohi sun fi tsanantawa. Queensland a 2017 da New South Wales a 2022 sun kafa dokokin da suka hana sakin talala sai an gamsu cewa fursuna ya ba da haɗin kai wajen gano gawar.

Wace hanya ce ta fi? Zuciya tana son ta Ostareliya, amma akwai tambayar da dole a amsa: mutumin da aka ɗaure bisa kuskure fa? Kotuna suna kuskure a kowace ƙasa. Wanda bai yi kisa ba ba zai iya nuna kabari ba, sai ya zamana mai laifin gaske da ya yi magana ya fita, marar laifi ya mutu a ciki. Akwai kuma wanda ya jefa gawa a teku ko a kogi, ya faɗi gaskiya amma ba a samu komai ba. Don haka a ganina Ingila ta yi daidai da ta bar wa hukuma damar auna kowace shari'a da kanta. Inda nake tare da iyalai ɗari bisa ɗari shi ne, idan hujja ta tabbata cewa mutum ya sani yana ɓoyewa, to shirunsa shaida ce mai nauyi cewa bai sauya ba, kuma bai kamata a wuce ta da layi biyu a takarda ba.

Sai kuma rigimar wanda ke da magana ta ƙarshe. Colin Pitchfork ya yi wa 'yan mata biyu fyaɗe ya kashe su, Lynda Mann a 1983 da Dawn Ashworth a 1986, kowacce shekararta 15. Shi ne mai kisa na farko da gwajin ƙwayoyin halitta ya kai ga ɗaure shi. An sake shi a Satumbar 2021, bayan wata biyu aka mayar da shi gidan yari saboda damuwa kan halayensa a waje. Jama'a suka fusata, gwamnati ta ce za ta ba minista ikon hana sakin masu manyan laifuka ko da hukuma ta amince. Lauyoyi da 'yan majalisa da dama suka ƙi, suna cewa ɗan siyasa mai jiran zaɓe ba zai iya zama alƙali ba. Abin da ya shiga dokar waɗanda aka zalunta da fursunoni ta watan Mayun 2024 shi ne tsaka-tsaki: a manyan laifuka irin su kisa, fyaɗe da ta'addanci, minista na iya miƙa hukuncin sakin ga Babbar Kotu ta sake dubawa, amma ba shi zai yanke ba.

Wannan matsaya ta fi aminci, kuma Ingila da kanta tana da darasin da ya nuna haka. A 2005 aka fara amfani da wani nau'in ɗauri marar ranar ƙarewa da nufin kare jama'a daga masu haɗari. Shi ne ma aka yi wa Worboys. Amma an riƙa yanke shi har ga masu ƙananan laifuka, mutum a ce ya yi aƙalla shekara biyu ya ƙare da shafe goma sha biyar. An soke shi a 2012, sai dai sokewar ba ta shafi waɗanda aka riga aka ɗaure ba, kuma har a 2024 sama da mutum dubu ɗaya ba su taɓa fita ba. David Blunkett, ministan da ya kawo dokar, daga baya ya fito ya bayyana nadamarsa. Dokar da aka kafa cikin tsoro takan kama wanda ba a nufa ba.

Ya kamata kuma a faɗi abin da ba ya shiga kanun labarai. Hukumar tana ƙin sakin mafi yawan waɗanda take dubawa, kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke fita. Cikin waɗanda ta saka, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari ne ake samu da sake aikata babban laifi. Ga iyalan da abin ya faɗa wa, wannan lissafi ba ya sanyaya zuciya ko kaɗan. Amma yana nuna cewa sakin mutum sannu a hankali, ƙarƙashin sa ido, ya fi a jira ranar ƙarshe a buɗe masa ƙofa ya ɓace babu mai bibiyarsa.

Yau a Ingila da Wales, idan laifin tashin hankali ne ko na lalata, kuma an ɗaure mai laifin wata 12 ko fiye, wanda aka zalunta ko iyalan mamaci suna da jami'in da ke sanar da su muhimman matakai. Suna iya rubuta bayanin yadda laifin ya shafi rayuwarsu, su karanta shi a gaban hukumar. Suna iya neman a sa sharaɗin kada mutumin ya shigo garinsu ko ya tuntuɓe su, suna kuma iya neman a ba su damar sauraron zaman. Abin da ba su da shi shi ne ikon hana sakin.

Mu a nan Najeriya wannan batu ba baƙo ba ne. Fiƙihun Musulunci ya daɗe da ba waliyyan mamaci matsayin da dokar Ingila ba ta ba su ba: a kisan ganganci su ne ke zaɓar ƙisasi, ko diyya, ko yafiya. Duk da haka a mazhabar Malikiyya, wadda muke bi, ko sun yafe, hukuma tana yi wa mai kisan bulala ɗari da ɗaurin shekara guda, kuma kisan da aka yi ta hanyar yaudarar mutum a keɓe shi ba ya karɓar yafiyar dangi. Wato malamai sun gane tun tuni cewa a cikin jini akwai haƙƙin iyali, akwai kuma haƙƙin al'umma, ɗaya ba ya cinye ɗaya.

Dokokin Najeriya na zamani su ma sun san sakin talala. Sashe na 468 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya ce idan shugaban gidajen yari ya kai rahoton cewa fursuna yana da kyakkyawan hali, kuma ya yi aƙalla kashi ɗaya cikin uku na ɗaurin shekara 15 ko fiye, ko kuwa rai da rai aka yi masa, kotu na iya dakatar da sauran ɗaurin bayan ta saurari mai gabatar da ƙara da fursunan ko lauyansa. A duba waɗanda aka lissafa: gwamnati da mai laifi. Wanda aka zalunta ba ya cikinsu. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ita ma ta sanya sakin talala cikin ayyukan hukumar gidajen yari. Amma abin da talaka ya fi gani a aikace shi ne afuwar shugaban ƙasa ƙarƙashin sashe na 175 na tsarin mulki, da ta gwamna ƙarƙashin sashe na 212, wadda akan sanar ranar sallah ko ranar bikin 'yancin kai.

Mun ga inda wannan ke kaiwa a Oktobar 2025, lokacin da sunan Maryam Sanda, wadda kotu ta yanke wa hukuncin kisa a 2020 kan mutuwar mijinta Bilyaminu Bello, ya fito a jerin waɗanda shugaban ƙasa ya yi wa sassauci. Wasu daga cikin dangin mamacin suka fito suka nuna ɓacin ransu, ƙasa ta ɗauki zafi, daga bisani aka sake duba jerin. Ko mutum yana ganin ta cancanci sassauci ko ba ya gani, abu ɗaya a bayyane yake: gyaran ya zo ne saboda shari'ar sananniya ce. Dangin manomin da aka kashe a ƙauye ba su da wanda zai ɗaga musu murya. Sai dai wata rana su yi kiciɓis da mutumin a kasuwa.

Gidajen yarinmu sun cika maƙil, kusan kashi biyu cikin uku na mazaunansu ma jiran shari'a suke yi, don haka babu mai hankalin da zai ce a rufe ƙofar sassauci. Abin da ake buƙata shi ne a rubuta a doka, a matakin tarayya da na jihohi, cewa kafin a saki mai babban laifi, ta hanyar talala ko ta afuwa, dole a sanar da wanda ya zalunta ko iyalansa a kan lokaci, a saurare su, a ba su dalili a rubuce, a sa sharuɗɗan da za su kare su, a kuma bar musu hanyar zuwa kotu idan an yi kuskure. Hukuncin ƙarshe ya zauna a hannun masu auna hujja, ba a hannun mai neman ƙuri'a ba. 'Yan majalisarmu na jihohi suna da ikon fara wannan aikin, kuma haƙƙin mai karatu ne ya tambayi wakilin mazaɓarsa ko ya san da sashe na 468 da wanda aka bari a waje.